Kai iyali kallo a birni: sauka kusa da wurin ko nesa, wanne ya fi sauƙi ga aljihu?



Duk lokacin da salla ta ƙarato, ko aka ba yara hutun makaranta, za ka samu magidantan da suka ƙulla niyyar kai iyali birni su ɗan buɗe ido. Wani hawan salla na Damagaram yake so yaransa su gani. Wani gidan tarihi na Yamai, inda zaki da kada da dorina suke. Wani kuma Kano ya nufa. Abu ne mai kyau, don yaron da ya ga abu da idonsa ba ya mantawa. Gani ya kori ji.

Sai dai galibinmu in mun zauna lissafin tafiya, kuɗin mota muke fara kirgawa, zuwa da dawowa, sannan guzuri. Zancen masauki kuwa sai a ce "in mun je ma gani". To a nan ne kuɗi ke zurarewa. Kuma kuɗin nan ba daga sama suka faɗo ba. Ko dai an fid da gero ko wake daga rumbu an kai kasuwa, ko an sai da akuya, ko wani ɗan'uwa ya matse bakin aljihunsa a waje ya aiko. A ƴan shekarun nan sallolin biyu suna faɗowa ne tsakanin watan Maris da Yuni, wato daidai lokacin da rumbu ya fara ja baya, ga damina na tafe da buƙatun iri da ƴan ƙwadago. Jika goma da ta salwanta a birni cikin wannan lokaci, a gona za a ji zafinta.

Tambayar da za mu duba yau ita ce: in za ka kai iyali wurin kallo ko wurin wasa, gara ka kama ɗaki mai tsada kusa da wurin, ko mai araha a nesa, ko kuma ka sauka gidan ɗan'uwa? Amsar a taƙaice: kada ka gwada kuɗin ɗaki da kuɗin ɗaki kawai. Gwada abin da wuni guda zai ci maka gaba ɗaya, daga fitowar safe har komawar dare.

Me ya sa na kusa ya fi tsada?

Mai masaukin da ke kusa da wurin kallo abu biyu yake sayar maka: shimfiɗa da kusanci. Shimfiɗar ba lalle ta fi ta wancan na bayan gari kyau ba. Kusancin ne kake biya.

Wannan ciniki ko'ina a duniya haka yake. Manyan wuraren wasan yara na ƙasashen Turawa a kansa suka gina kasuwancinsu. Wurin nan da ake kira Disneyland Paris, wanda aka buɗe a 1992 kimanin kilomita 30 gabas da birnin Paris a Faransa, yana da nasa otel-otel a jikinsa. Wanda ya kwana a cikinsu da ƙafa ko da motar wurin zai isa ƙofa, kuma ana barinsa ya shiga da safe kafin sauran jama'a. Wanda ya kwana a wani gari na kusa ɗakinsa ya fi araha, amma sai ya hau jirgin ƙasa ko mota kullum, ya tarar da layi. A Amurka ma, a Walt Disney World na jihar Florida da aka buɗe a 1971, tsarin ke nan. Iyalai a can sukan daɗe suna auna wannan lissafi kafin su tashi.

Alhazanmu ma sun san zancen, ko da yake ibada daban, yawon buɗe ido daban. Masaukin da ke bakin Harami a Makka da wanda ke Aziziyya kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Na nesa ya rage kuɗi, amma sai ya jira mota a kowace fita.

To mu dawo gida. A Damagaram ranar salla idon kowa yana Birni ne, ƙofar fadar Mai Martaba Sarki, inda dawakai da dogarai da masu algaita da kakaki ke taruwa bayan an sauko idi. Wanda ya kwana inda zai iya takawa da ƙafa zuwa can, da wanda ya kwana can gefen gari, wuninsu ba zai zama iri ɗaya ba.

Mu zauna mu yi lissafi

Bari mu ɗauki misali. Alƙaluman da za ku gani na koyon lissafi ne kawai, kowa ya cire su ya sa farashin da aka faɗa masa.

A ce gida ne mai mutum 6: maigida, uwargida, tsohuwa, da yara 3. Za su kwana 2 a Damagaram, su yi wuni 2 suna kallo.

Hanya ta farko, ɗaki kusa da wurin. A ce jika 15 ne kowane dare. Kwana 2, jika 30. Ba kuɗin abin hawa a cikin gari, don da ƙafa za a je a dawo. Abinci duk saye za a yi, a ce jika 7 a wuni, jika 14 ke nan. An tashi a jika 44.

Hanya ta biyu, ɗaki a nesa. A ce jika 8 ne kowane dare. Kwana 2, jika 16. Mutum na ji sai ya ce ai an yi rabi, me ake jira? To dakata tukuna. Mutum 6 ba su hawa kabu-kabu guda, sai an ɗauki adaidaita ko taksi. A ce kowane ɗauka sefa 1500 ne, tunda ranar salla ce, masu abin hawa ma suna neman na goro. Sau nawa za a hau? A fita da safe, a dawo da rana a huta, a sake fita da la'asar, a dawo da dare. Sau 4 ke nan, jika 6 a wuni, jika 12 a wuni biyu. Abinci jika 14 kamar na farko. An tashi a jika 42.

Kun ga ke nan. Ɗakin da aka ɗauka rabin kuɗi ne, a ƙarshe jika 2 kacal ya rage. Kuma a kan jika 2 ɗin nan an yi jiran abin hawa sau 8, an yi ciniki sau 8, an loda tsohuwa da yara an sauke sau 8.

Ga ƙa'idar da za ku riƙe, ko a ƙasa da tsinke za a iya zana ta. Ka cire kuɗin ɗakin nesa daga kuɗin ɗakin kusa, abin da ya rage shi ne rarar dare guda. A misalinmu jika 7. Sannan ka haɗa kuɗin zirga-zirgar iyalinka duka na wuni guda. A misalinmu jika 6. In rarar ta fi kuɗin zirga-zirga nesa ba kusa ba, to ɗakin nesa ya yi maka rana. In sun yi kunnen doki, ko zirga-zirga ta fi yawa, kama na kusa ka huta.

Abu uku ne ke juya wannan lissafi.

Na farko, ɗaki nawa kuke bukata. In maigida ba zai kwana ɗaki ɗaya da surukarsa ko da ƴan mata manya ba, wanda kuwa haka al'adarmu take, to ɗaki 2 za a kama. Na kusa ya koma jika 30 a dare, na nesa jika 16. Rara ta zama jika 14, kuɗin adaidaita kuwa yana nan jika 6. Yanzu na nesa ya rage maka jika 8 kowace rana. Wannan kuɗi ne na gaske.

Na biyu, su wa ke tafiyar. Samari biyu za su ɗale kabu-kabu, ko ma su taka. Mai goyo da tsohuwa da yaro ɗan shekara 4 ba za su iya ba. Gwargwadon yawan ƙanana da tsofaffi, gwargwadon yadda kusanci ke ƙara daraja.

Na uku, kwana nawa za a yi. Tafiyar dare ɗaya ko biyu, kowace sa'a tana da tsada, don lokacin kaɗan ne. Tafiyar mako guda kuwa rarar ɗaki tana taruwa ta zama tudu, kuma mutum ya riga ya gane gari, ya san inda ake samun abin hawa da sauƙi.

Wani zai ce, to mu ba za mu dawo masauki da rana ba, sai mu wuni a can mu rage kuɗin hawa biyu. Haka ne, jika 3 za su tsira. Amma ku tuna a wane wata muke magana. A Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce digiri 40. Daga azahar zuwa la'asar a ina za a ajiye yara? Ƙarƙashin bishiya ko bakin shagon wani, ana sayen ruwan sanyi da lemo ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka hana mai adaidaita, mai ƙanƙara ya karɓe. In kuma rana ta bugi yaro aka kai shi likita, to an yi garin neman gira an rasa ido.

Gidan ɗan'uwa: da sauƙi, amma ba kyauta ba ne

Gaskiyar magana, mafi yawanmu mutanen Damargu ba otel muke sauka ba. Kowa yana da yaya ko kawu ko gwaggo a Zango, Garin Malam, Karkada ko wata unguwa. Zumunci a ƙafa yake, kuma in ka shigo gari da iyali ka wuce otel, akwai ɗan'uwan da zai ji haushi ya ce ka raina gidansa. Wannan hanya ta uku ita ce aka fi bi, ita ce kuma ba a yi wa lissafi sam.

Mu yi mata. Kuɗin ɗaki babu. Amma in gidan yana nesa da wurin kallo, jika 12 na adaidaita suna nan daram. Ba za ka je hannu rabbana ba: ƴan tiyoyin gero ko wake, man shanu, cuku, wataƙila da zakara, a ce tsarabar jika 6. Baki 6 sun ƙaru a kan tukunyar matar gida, mai kunya zai miƙa na cefane, a ce jika 5 a wuni, jika 10. Yaran gidan za su zo barka da salla, a ce jika 3. Sai ruwa. Duk wanda ya san Damagaram ya san a bazara ruwa abin lallaɓawa ne a unguwanni da dama, saye ake yi wajen ƴan garuwa ko masu kura. Mutum 6 za su yi wanka, a wanke kayan yara. A ce jika 2. An tashi a jika 33.

Har yanzu ya fi otel sauƙi da kusan jika 10, ga abincin gida, ga hira, ga yara sun san ƴan'uwansu. Ba mai ja da wannan. Abin da muke so a gane shi ne, in kai baƙo ba ka fitar da jika 21 na tsaraba da cefane da ruwa da barka da salla ba, to wani ne ya fitar maka, wato mai masaukinka. Shi kuma ba zai taɓa faɗa ba. Zai ce "Haba yaya, don Allah bar shi, ai gidanka ne." Bayan kun tafi shi da mai shago ne za su san abin da ya faru. Ɗan'uwan nan na birni haya yake biya, ruwa yake saye, itace ko gaz yake saye, kuma wataƙila ba ku kaɗai ne baƙinsa na wannan salla ba.

Saboda haka in za a sauka gidan dangi, a kira tun da sauran kwanaki, a faɗi mutum nawa ne, a faɗi ranar zuwa da ranar tashi. Kuɗin cefane kuma a bi ta hannun uwargida ta miƙa wa matar gidan a ɗaki, ya fi sauƙin karɓuwa fiye da a miƙa wa maigida a zaure. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wanda ya zo da nasa ya tashi a kan lokaci, baɗi da murna za a tarbe shi.

Akwai kuma hanyar raba ƙafa da wasu ke bi: mata da yara su kwana gidan dangi, maza su nemi wani wuri, ko zauren aboki ko ɗaki mai araha. Wannan yana rage wa masu gida cunkoso, musamman in ɗakunansu biyu ne.

Abin da ba ya shiga takardar lissafi

Akwai ribar kusanci da ba a iya sa mata farashi. Wanda ke kusa yana riga jama'a samun wuri mai inuwa inda yara za su ga dawakai sosai. In yaro ya ɓata kayansa ko ya matsu, minti kaɗan an kai shi an dawo. In tsohuwa ta gaji a mai da ita ta kwanta, saura su ci gaba da kallo. In an tashi da dare ba a tsaya bakin titi ana rigima da ɗaruruwan mutane a kan adaidaita guda ba. Kuma a ranar hawa hanyoyin da ke kusa da fada cike suke da mutane da dawakai, ko ka ɗauki abin hawa daga nesa, sai ya ajiye ka can baya ka ƙarasa da ƙafa.

Na nesa shi ma yana da tasa ribar. Unguwa shiru, barci ya fi daɗi. Abinci a cikin unguwa ya fi na bakin wurin taro araha. Wani lokaci za ka samu fili inda uwargida za ta ɗora ƴar tukunya ko a dama fura, abin da zai zabge kuɗin abinci sosai. Masaukin da ya yarda a yi girki, ko da yana nesa, yakan doke na kusa da bai yarda ba.

Kowane gari da yadda lissafinsa ke faɗuwa

Yamai. Daga Damagaram kusan kilomita 900 ne, wuni guda cur a cikin bas. Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, yana tsakiyar gari kusa da kogi. A ciki akwai namun daji, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a jihar Agadas, da ragowar shahararriyar bishiyar Tenere da mota ta kayar a 1973, da rumfunan masu sana'ar hannu. Amma wuni guda ya isa a zagaye shi. Tunda zuwa ɗaya za a yi, ba dalilin biyan ɗaki mai tsada a tsakiyar gari. Ko ɗan'uwanka yana Talladje ko hayin kogi a Harobanda, taksi ɗaya zuwa ɗaya dawowa ya wadatar. Abin lura kawai, a ranakun salla wurin yana cika maƙil da yara, a yi sammako, a riƙe hannun ƙanana.

Kano. Daga Damagaram kimanin kilomita 240. Gidan Zu na Audu Bako da babban kantin nan na Ado Bayero duk a kan titin Gidan Zu suke, ta kudancin gari. In masaukinka yana Kurna ko Rijiyar Lemo, ta hanyar Katsina, to sai ka ratsa gari, kuma Kano ba Damagaram ba ce wajen girma da cunkoso. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin, adaidaita sahu ce abin hawa. A 2022 kuma gwamnatin jihar ta hana adaidaita yawo daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Don haka mai masaukin nesa ya tambayi yadda dokar take kafin ya bar dare ya yi masa a waje. Sannan lissafin da naira za a yi shi, a san canjin ranar kafin a tashi. Mai niyyar kallon Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa ya tabbatar za a yi hawan a shekarar, don an samu sallolin da aka dakatar da shi.

Yankari. Ga ƴan'uwa mazauna Najeriya, wannan shi ne wurin da tambayar tamu ta fi fitowa fili. Gandun daji ne a jihar Bauchi da aka buɗe wa jama'a a 1962, akwai giwaye da ɓauna da gwanki da birai, da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, wadda ɗuminta ke tsayawa a wajen digiri 31 dare da rana. Masauki yana cikin dajin a sansanin Wikki. Daga ƙofar shiga zuwa sansanin kaɗai ya kai kilomita 40, daga garin Bauchi kuwa sama da kilomita 100 ne. Namun daji da sanyin safiya da yamma suka fi fitowa. Wanda ya kwana Bauchi don ya rage kuɗin ɗaki zai ƙona man sama da kilomita 200 zuwa da dawowa, ya iso rana ta take, dabbobi sun shige inuwa. A nan kwana ciki ya fi, ko da dare ɗaya ne. A dai kula da gwaggon birin wurin, ba su da kunya a kan ledar abinci.

Kokawar takobi. Wannan gasa da aka fara a Tawa a 1975 tana zagaya manyan biranen jihohi 8, kowace jiha da ƴan kokawarta 10, ana shafe kusan kwana 10. In ta zo filin Langa-Langa na Damagaram ko ta je Maradi, masaukan kusa da fili cika suke yi da wuri. Galibin masu zuwa daga ƙauye maza ne, biyu-biyu ko uku-uku. Mu gwada ƙa'idarmu: rarar jika 7 sau kwana 10, jika 70. Mutum 2 a kabu-kabu, a ce sefa 300 kowane hawa, zuwa da dawowa, 1200 a wuni, jika 12 a kwana 10. Na nesa ya tsirar da jika 58. Nan ba gardama.

Ga ƴan'uwa masu aikowa daga waje

Da yawa daga cikin irin wannan tafiya ku ne ke ɗaukar nauyinta. Mutum yana Tamanrasset ko Sabha ko Legas, ya ce a kai Inna da yara su ga salla a birni, ya turo kuɗi ta NITA ko Amana ko Al Izza. Allah ya saka da alheri. Amma a daina turo kuɗi dunƙule a ce "ga na tafiya". A kasa su kashi biyar: mota, masauki ko cefanen masu masauki, zirga-zirgar cikin gari, abinci, da na ko-ta-kwana. Kashi na ƙarshen nan kada a taɓa shi sai dole, kuma kuɗin motar dawowa a ware su tun daga gida a ba wanda ya fi kowa riƙo.

In kai ne ka ce a sauka gidan ƙanenka na birni, kyautatawa ce ka tura masa wani abu kai tsaye, ka ce na ruwa da itace ne. In kuma ɗaki za a kama, ka sa wani naka da ke garin ya taka ya gani da idonsa, ya ɗauko hoto ya turo ta WhatsApp. Kada a tura wa baƙon lamba kuɗin kama ɗaki don kawai an ga hoto mai kyau a Facebook.

Ku kuma da ke Turai ko Amurka, da yaranku ke damunku da zancen Disney ko makamancinsa, ƙa'idar ba ta canja ba. Rarar ɗaki a gefe ɗaya, kuɗin jirgin ƙasa ko man mota da kuɗin ajiye mota a ɗaya gefen. A duba kuma ko kuɗin ɗakin ya haɗa da tikitin shiga da karin kumallo, don wani lokaci a haɗe ake sayar da su, sai wanda ya yi kama da mai tsada ya zama shi ne mai sauƙin.

Kafin ka biya kuɗin ɗaki

Ko kusa ko nesa, kada ka miƙa kuɗi sai ka tambayi waɗannan. Mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki guda, kuma za a ƙara katifa ko tabarma ba tare da ƙarin kuɗi ba? Akwai ruwa dare da rana, ko sai an jira? In an ɗauke wuta akwai inji? Fanka ce ko na'urar sanyaya ɗaki, kuma kuɗin ɗaya ne? An yarda a shigo da abinci ko a yi girki? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, ƙarfe nawa ake sakin ɗaki ranar tashi? Farashin da aka faɗa na ranar salla ne ko na ranakun banza?

Sai babbar tambaya: "kusa" ɗin nan, minti nawa ne a ƙafa? Mai masauki zai ce maka "nan ne ga shi nan". Kusan saurayi daban, kusan tsohuwa mai ciwon gwiwa daban. In tafiyar ta wuce abin da mafi rauni a cikinku zai iya takawa cikin rana, to ɗakin ba na kusa ba ne, kuɗin na kusa kawai za ka biya, ka kuma biya adaidaita a kai. Wannan ita ce asara mafi muni, an yi biyu babu.

A tafi da katin ɗan ƙasa, don masaukai suna tambaya, jami'an kan hanya ma haka. A rubuta lambar salular maigida a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu. A nuna musu wuri guda da za a haɗu in an rabu cikin taro.

In muka tattara: iyali mai ƙananan yara da tsofaffi, tafiyar dare ɗaya ko biyu, wurin da za a je safe da yamma, ɗaki ɗaya ya isa, ku nemi kusa. Manya zalla, ko kwanaki da yawa, ko wurin da sau ɗaya za a je, ko ana bukatar ɗaki biyu, nesa ya fi. Gidan dangi kuma alheri ne, muddin baƙo ya ɗauki rabonsa na nauyi. In kuwa an buga lissafi ta kowace fuska aka ga sai an taɓa irin shuka ko an ci bashi, to a bari sai kaka. Birni na nan ba inda za shi.

Wanda ya taɓa kai iyalinsa ɗaya daga waɗannan wurare, muna so mu ji yadda ya tarar da farashin ɗaki da na abin hawa, don na baya su amfana. Ku kira mu a lokacin shiri ko ku aiko saƙon murya. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya ba mu damina mai albarka.